Taƙi Ɗaya Daga Gorar Kawu

Ran nan 'yan situdiyon da ke bayan tashar Kura suka kira ni wai in zo in ga abin mamaki. Na shiga wani ɗaki da bai fi akurkin kaji ba, an manna katifa a bango. Mai fiyanon ya danna maɓalli da yatsa ɗaya, wani kuka ya fito daga sifika, ya juyo yana murmushi ya ce, "Baba Sakso, ka ji abarka ko? Yanzu simful ne, ba sai an kumbura kumatu ba." Na ce masa na ji wani abu dai, kamar akuyar da mura ta kama, amma sakso ban ji ta ba. Suka bushe da dariya suna zaton wasa nake. To ba wasa nake ba. Kuma ku 'yan situdiyo, tunda kun ce kuna so ku ɗauki busata ku sa a waƙoƙinku, sai ku gyara zama ku fara jin abin da ke cikinta.

Sunana na yanka Garba, ɗan wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Sa'ad da na tashi ba a kawo mana ruwan rani ba, in an gama girbi sai ci-rani. Ina saurayi na tafi Kano ina dako a Sabon Gari. Wata Lahadi da yamma wani dogon mutum ya ɗora mini baƙar akwati ya ce in bi shi wani otal. Tsohon sojan badujala ne, ana ce masa Saje Buba, ya bar soja ya haɗa 'yan kiɗansa. Da muka isa ya buɗe akwatin, na ga wani ƙarfe ruwan zinare, lanƙwasasshe kamar ƙaton lofe. Ya rataya a wuya ya busa. Ni da ya kamata in koma bakin kasuwa, sai ga ni tsugune a gindin dandamali har aka tashi. Washegari na je gidansa na ce a koya mini, ya dube ni sama da ƙasa ya ce in buɗe baki ya ga haƙorana.

Sakso iri-iri ce. Akwai ƙarama mai siririyar murya, akwai ƙatuwa mai gurnani, tawa kuwa ta tsakiya ce, wadda ake kira teno, muryarta ta namijin da ya ƙoshi yake hira. Jikinta duk maɓallai ne, ƙarƙashin kowane akwai 'yar fata da ke toshe rami, in ɗaya ta bushe iska ta riƙa zurarewa, ko ka busa har jijiyar wuyanka ta tashi ba abin da zai fito. Amma duk wannan ƙarfen da kuke gani yana ƙyalli, bebe ne. Mai maganar wani ɗan fallen kara ne da bai kai tsawon yatsa ba, an fere bakinsa ya yi siriri har kana ganin haske ta cikinsa, ana ɗaure shi a bakin da ake busawa. Mu muna ce masa harshe. A 'yar kwali ake kawo shi daga ƙasar waje, kuma ba ya daɗewa yake laushi ko ya tsage. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin yake.

Wata uku Saje bai bar ni na taɓa jikin sakso ba, bakin kawai ya cire ya ba ni. Ina busawa matan gidan hayar suna tambaya ko agwagwar wa ake yankawa. Bayan nan ya shigo da buta. Zai cika ta da ruwa, ya karkata ta a bakin rariya, ni kuma in ja sauti ɗaya, ba hawa ba sauka, ba karkarwa, har ruwan ya ƙare. Ranar farko ko rabin buta ban kai ba na ga taurari da rana tsaka. In na yanke, ba zagi ba duka, sai dai ya miƙo mini butar ya ce in je in ciko. Na yi zaryar famfon gidan nan har na san kowane dutse na hanyar. Ranar da na ƙure buta har na yi saura, ya ce to yanzu a fara koyon busa.

Kiɗan da muke yi don mu ci abinci na rawa ne, amma abin da Saje yake ƙauna jaz ne. Yana da faya-fayan baƙaƙen Amurka, ya sa a garmaho mu zauna shiru kamar masu jin wa'azi. Yadda abin yake shi ne, kowa ya san waƙar, a fara ta tare, sannan a ba ka fili kai kaɗai ka tafi yawo da ita inda ka ga dama, ka dawo da ita gida kafin mai ganga ya rufe. Abin da ka busa yau ba shi za ka busa gobe ba, in ka maimaita Saje ya ce ya yi kiwon aku. Da farko kwaikwayon na cikin faifai nake yi. Wata rana aka ba ni fili kaina ya ɗaure, ban san sanda na zubo abin da na tashi ina ji ba, sarewar Fulanin da ke wucewa ta bayan gonarmu da luguden matan gidanmu. Na ɗauka zan sha faɗa. Saje ya ce da ma ina da wannan a ciki nake ta aron na mutane.

Bikin da ba na mantawa na 'yar wani ma'aikacin reluwe ne. Wata Hajiya mai sayar da atamfa, ƙawar uwar amarya, ta tsaya a gabana ta riƙe ƙugu ta ce kalangu yana kiran sunanta, in wannan algaitar Bature ta isa ita ma ta kira. Na tambayi sunan, na juya shi a bakina, na busa mata shi sau uku, na uku na ja shi har ƙasa. Ta dafe ƙirji ta ce wallahi ta ji, ta kwance gyalenta ta yafa wa saksota. Daga ranar duk bikin ƙawayenta sai an ce a kawo mai ƙarfen nan, kuma kowace sai an kira nata sunan, har da wadda sunanta ya fi ƙarfin numfashi ɗaya. Masu sauraro iri-iri ne. Akwai mai son a girgiza shi, akwai wanda zai zauna a lungu da lemonsa ya rufe ido, wannan shi nake yi wa busa ko da bai sani ba.

Faifanmu na farko ina ciki amma ba wanda zai ce ga ni. Ina can baya ina tura wa mawaƙi sauti bibbiyu, sunana ma bai hau kwalin ba. Na kawo shi gida ina ta hura hanci, innata ta saurara daga farko har ƙarshe ta ce to kai kuma yaushe za ka shigo. Don haka da Saje ya ce kamfanin faifai na Legas ya sake kiranmu, kuma wannan karon akwai kiɗa guda da za a ba ni fili ni kaɗai, ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna.

Sai dai shekarar ce aka shiga tsuke bakin aljihu, kayan waje suka ɗauke. Ana layin sabulu da madara, wa zai tuna da harshen sakso? Shagon da muke saye ya koma sayar da bokiti. Fatun maɓallai ban damu ba, na kai wa dukawa suka yanka mini daga fatar akuya, sun ma fi na Bature. Harshe ne ya gagara. Saura guda ɗaya gare ni, shi ma ya tsage a gefe, ina busawa yana ƙugi. Saje ya kira ni ya ce shi ba zai kai ƙugi Legas ba. Jirgi zai tashi nan da mako biyu, in na samo harshe fili nawa ne, in ban samo ba mai ogan, ɗan'uwan fiyano, zai busa wurina da yatsunsa, ni kuma in riƙe caki. Kun ga ashe tun ba a haife ku ba masu danna maɓalli suke neman tuwona.

Na taho gida, don na ce abin nan dai kara ne, mu kuwa kara ba baƙonmu ba ne. Lokacin ruwan rani ya zo mana, ko'ina alkama ce kore shar. Na ari aska wajen wanzami, na fasa kwalba don kankara, na zauna a gindin ɗorawa. Na gwada karan dawa, ya jiƙe ya zama tuwo. Na gwada kyauro, ya yi kuka sau biyu ya karye. Na ɓalle bakin kwandon tumatir, wannan ko uffan bai ce ba. Na sari sabuwar gora, ta yi magana amma kamar daga cikin rijiya, don ɗanya ce. Kwana tara ina fira, yatsuna duk yanka, mutanen gari suna wucewa suna cewa birni ya taɓa Garba.

A nan Kawu Ɗanlami ya shigo labarin, ƙanin innata. Shi manoman layinmu suka zaɓa ya riƙa raba ruwa. Akwai ƙyauren ƙarfe inda ƙaramar hanyar ruwanmu ta rabu da babba, shi ke ɗaga shi ranar da ruwa yake namu. Akwai lambobi a jikin simintin amma Kawu bai yarda da su ba, da gorarsa ya yarda. Doguwa ce ta fi shi tsawo, ya yi mata shaida da wuƙa. Zai dasa ta a cikin ruwa har ta taɓa ƙasa, ya yi ta ɗaga ƙyaure har ruwa ya kai shaidar, sannan ya ɗaure, ya san zai isa har gonar ƙarshe. Shekara da shekaru ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ina zaune a bakin ruwa raina a jagule, sai ya zaro gorar ya buga gindinta a siminti don laka ta zuba. Na ji ta ce ƙwar, wani tsabtataccen sauti da ya shiga mini har ƙashi. Na duba gindin, ya yi launin zuma. Shekaru yana shan ruwa yana shan rana, ya jiƙa ya bushe, ya jiƙa ya bushe, duk ɗanyantakar ta fita.

Na durƙusa na roƙe shi taƙi ɗaya daga gindin. Ya ce in ɗebi buhun alkama in ina so, amma gora ba ta taɓuwa. Na ce zan kawo masa sabuwa, ya ce sabuwa ba ta san ruwan ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, sata na yi. Bayan azahar ya kishingiɗa a rumfa, gorar tana jingine a bayan ɗaki. Na sa zarto na yanke taƙi ɗaya daga ƙasa, na goge bakin da dutse, na shafa masa laka, na mayar da ita inda take. A raina na ce doguwar gora irin wannan, me taƙi ɗaya zai rage mata? Ko kusa ban kawo cewa na sauko da shaidar ba. Ni kunne ne da ni, lissafin ruwa kuwa ban gada ba.

Guntun nan na raba shi biyu, kowane na tsaga huɗu. Biyar suka lalace a hannuna, uku suka tsira. Da na ɗaura na farko na busa a bayan gari, shanun wani Bafulatani suka ɗago kai gaba ɗaya. Murya ce mai kauri da ɗan kaushi-kaushi a gefe, wadda harshen kwali bai taɓa ba ni ba. Na yi dariya ni kaɗai har na zauna a kan kunya. Da na je Kano na busa wa Saje, sai ya juya ya gaya wa mai ogan ya koma wurinsa.

A Legas ba irin naku ba ne da ake ɗaukar kowa daban a liƙa. Dukanmu aka tara a ɗaki ɗaya da hantsi, jar fitila ta kama, wanda ya yi kuskure a koma farko kowa yana hararar sa. Da aka zo kiɗana muka fara tare, Saje ya ɗaga mini gira, na rufe ido na tafi. Na bi hanyar ruwanmu tun daga ƙyaure, na ratsa alkama, na gaisa da masu lugude, na dawo daidai inda mai ganga yake jirana. Sau ɗaya aka ɗauka. Injiniyan ya fito daga bayan gilashi yana tambaya wane kamfani ne yake yin harshen da nake amfani da shi, na ce masa kamfanin Kawu. Saje ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a rubuta sunan kiɗan Gorar Kawu, a kuma sa sunana a ƙarƙashi. Ban taɓa jin daɗi a sana'a kamar na wannan hantsin ba.

Na dawo ƙauye bayan kusan mako biyu da tsarabar burodi, sai na tarar da taro a gindin ɗorawa. Malam Hudu, mai gonar ƙarshen layi, yana tsaye yana faɗa. Sau biyu ana sakin ruwa ba ya isa wurinsa, alkamarsa ta fara fitar da kai ga shi ta yi yaushi. Ya ce Kawu ya fara fifita na gaba don surukinsa yana cikinsu, a karɓi rabon ruwa a ba wani. Kawu yana zaune da gorar a kan cinyarsa, ya tsufa a kwana goma. Abin da yake ta maimaitawa shi ne ya kai ruwa shaida, kuma gorarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Nan take na gane abin da na yi. Gora ta gajarce daga ƙasa, ruwa yana taɓa shaida tun bai cika ba, shi kuma ya ɗaure ƙyaure da gaskiyarsa. Burodin ya yi mini nauyi a hannu, kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Na ratsa mutane na durƙusa a gabansa, na ciro harsunan nan uku daga aljihu na ajiye a kan tabarma. Na ce, "Kawu, gorarka ba ta yi ƙarya ba, ni na yanke ta. Ga abin da ya rage na taƙin."

Ya juya gorar ya kankare lakar da farce, ya ga sabon yanka. Sannan ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ya ce, "To kun gani. Na ce muku ba ta ƙarya."

Wallahi murnar wanke gorarsa ta hana shi fushi da ni a ranar, sai washegari ya tuna, ya kuwa biya bashin faɗan har da na gobe. Malam Hudu ya nemi gafararsa a gaban jama'a. Ni kuma aka yanke mini in yashe hanyar ruwan tun daga ƙyaure har gonar ƙarshe, ni kaɗai. Kwana shida ina cikin laka da shebur, mutumin da sunansa zai hau faifai. Aka ba Malam Hudu ruwa kafin kowa, alkamarsa ta farfaɗo, ko da yake ba ta yi kamar ta bara ba, kuma bai bar ni na manta da hakan ba har ya koma ga Allah.

Faifan ya fito bayan an yi girbi. Na aro garmaho mai batir na kawo gindin ɗorawa bayan la'asar, gari ya taru har da matan da ke leƙe ta kan danga. Kawu ya zo da gorarsa ya zauna can gefe yana ɗaure fuska, ya ce shi ya zo ne ya ji inda ruwan mutane ya tafi. Na ɗora allura. Da aka zo wurina na ce masa ga ta nan. Ya karkato kunne, har aka gama bai motsa ba. Innata ta ce yau kam ta ji shigowata. Malam Hudu ya ce shi ma yana cikin faifan nan, tunda alkamarsa ce ta sha ƙishirwar. Kawu ya ce a maimaita. Aka maimaita, na ga babban yatsan ƙafarsa yana bin ganga. Da aka gama ya tashi ya miƙo mini gorar gaba ɗayanta.

Ya ce, "Na riga na sari wata, ta fara koyon ruwa. Wannan shekara nawa muna tare ba ta taɓa gaya mini tana da murya ba. Riƙe ta, amma ka riƙa yanka da tsoron Allah."

Bayan nan na yi wani faifan, na yi kasa-kasai da dama, wasu har yanzu ana sa su a rediyo ba a faɗin mai busar. Harshen kwali ya dawo kasuwa, ban sake saye ba. Saje ya rasu, 'yan kiɗan suka watse, na dawo gida na karɓi gonar tumatir a layin da na taɓa yashewa. Duk busar da na yi tun daga Legas har yau, daga gorar nan ta fito, kuma iya inda ruwa ya taɓa ne yake magana, saman itace ne kawai. Kawu ya daɗe da rasuwa, ni kuma ina ta yanka kaɗan-kaɗan kamar yadda ya ce.

Jiya na ɗauko ta daga saman rumfa na auna. Abin da ya rage tsakanin yanka da shaidar da ya yi da wuƙarsa taƙi ɗaya ne cif. In hannuna bai yi rawa ba zai ba ni harshe uku. Don haka in da gaske kuke, ku kashe fiyanon nan, ku ɗauko na'urarku ku same ni a bakin ƙyaure ranar da ruwa yake namu, da hantsi. Sau ɗaya za a ɗauka. Kuma a kan waƙar ku rubuta sunan Ɗanlami mai rabon ruwa kafin nawa.